Ku Gama Dariyar, Sannan Ku Miƙo Gwangwanin

Mutanen Ambursa, da ku da maƙwabtanku na Zauro. Na san abin da ke damunku. Tun da aka shimfiɗa filin jirgin sama na Sir Ahmadu Bello a bayan gidajenku, kuka ɗauka duk abin kirki sai ya sauko daga sama, cikin kwali mai tambari, da 'yar takardar bayani da ba wanda zai karanta. Shi ya sa in mutum ya ce muku da gwangwanin madara, da murfin kwalba, da ƙyallen atamfar da tela ya zubar, za a iya haɗa kayan koyar da yaron da bakinsa ya ƙi buɗewa, kuma wai kiɗa ne zai ja gaba, sai ku dubi juna. Wani ya gyara zaman hula. Wani ya sunkuya ya raɗa wa na kusa da shi, "Wanga mi yash sha?" Fura na sha, Baba, ita ma ba ta kwana ba. Ku gyara zama.

Abin da nake magana a kai sana'a ce mai zaman kanta: jinya da kiɗa da waƙa. Ba a ce ganga na kashe ƙwayar cuta ba, ba a kuma ce a bar asibitin Sir Yahaya a nufi gidan makaɗa ba. Cewa aka yi akwai yaron da za ka kira sunansa sau goma bai motsa ba, amma a buga ƙwarya sau ɗaya ya waigo. Akwai wanda ba ya iya jira a zo kansa, da wanda hannunsa ba ya damƙa, da wanda ba ya haɗa ido da kowa, har da dattijon da ɓarin jikinsa ya shanye, magana ta tafi ta bar shi. Mai wannan sana'a da kiɗa yake lallaɓa su zuwa ga abin da ya gagare su. Tun da kuwa yawancin waɗannan bayin Allah dogon bayani ba ya shigarsu, sai an haɗa da abin da ido zai gani, hannu ya taɓa. Gani ya kori ji, ku kuka faɗa, ba ni ba.

Malam, na ga ka ɗaga yatsa tun ban rufe baki ba. Na san tambayar: ashe ba bori ba ne aka sa wa kwat da laktaye? Allah ya gafarta Malam, a bori iska ake kaɗa wa garaya don ta hau. Nan kuwa ba a kiran kowa sai yaron da ke zaune gabanka, kuma ƙarshen burin yau shi ne ya miƙa wa ɗan'uwansa caki in lokacinsa ya cika. Ba girka, ba baƙin bunsuru, ba turare. Akwai dai littafi da biro, inda ake rubuta cewa yau ya jira har aka ƙirga biyar, alhali wancan makon ko biyu ba ya kaiwa. Hukuncin kayan kiɗa kuwa fagenku ne, malamai sun yi saɓani a kai tun ba a haifi kakanninmu ba, ni ba zan tsoma baki ba. Zan dai tuna wa Malam cewa asibitin da Sarki Bayazidu na Biyu ya gina a Edirne ta Turkiyya a 1488 ba 'yan bori suka gina shi ba, kuma matafiyin nan Evliya Çelebi, da ya je can a ƙarni na 17, ya rubuta cewa makaɗa da mawaƙa goma kan zo sau uku a mako su yi wa marasa lafiya. Alfarabi ma da ya wallafa babban littafi kan kiɗa, ba a gidan magajiya ya yi karatu ba. In duk da haka zuciyar Malam ba ta kwanta ba, to a jingine ganga. Galibin wasannin da zan kawo suna yiwuwa da murya da tafi kaɗai. Ai Nana Asma'u da waƙa ta karantar da matan karkara ta hannun jajinta na 'Yan Taru, kuma ɗalibanka na Islamiyya da rauji suke haddace baƙaƙe, ka sani, na sani. Sannan ka kwantar da hankalinka, ban ce a taɓa allo ba. Faifai za mu ara wurin uwargida.

Kai kuma Yallaɓai mai tabarau, taka cutar daban ce. Ba ka tsoron iska, amma ba ka gaskata komai sai an ce maka Bature ya gwada. To ga Baturen. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu da bayansa, asibitocin sojojin Amurka sun cika da samarin da suka dawo jiki ko hankali a taɓe, likitoci suka lura cewa makaɗan da ke zuwa ɗebe musu kewa suna yin wani abu da allura ba ta yi ba. Jami'ar Jihar Michigan ta buɗe digirin farko a wannan fanni a 1944. A 1959 wani makaɗin piyano ɗan Amurka, Paul Nordoff, da wani malamin yara masu lalura, Clive Robbins, suka fara aiki tare a Ingila, kuma dabararsu ita ce a juya abin: a ba yaro ganga ya buga yadda ya ga dama, gwanin makaɗi ya bi shi, maimakon a tilasta wa yaron bin makaɗi. Yaron da bai taɓa jin wani ya amsa masa ba sai ya ji ya buga an buga, ya tsaya an tsaya. A nahiyarmu ma Jami'ar Pretoria ta Afirka ta Kudu tana ba da digiri na biyu a kai tun 1999.

Aikin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne na birnin Boston, a 1973. An daɗe ana ganin mutumin da shanyewar jiki ta taɓa masa ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa, ya kasa cewa a ba shi ruwa, amma a ɗauko waƙar ƙuruciyarsa ya bi ta tiryan-tiryan. Wasu masana uku suka gina hanyar jinya a kan haka: a ɗauki gajeriyar magana, a rera ta da sauti biyu kacal, na sama da na ƙasa, ana ƙwanƙwasa hannun hagun majinyaci a kan kowace gaɓa, a hankali a riƙa janye raujin har magana ta tsaya da kanta. Gabrielle Giffords, tsohuwar 'yar majalisar wakilan Amurka da aka harba a ka a 2011, waƙa na cikin abubuwan da aka yi amfani da su wajen dawo mata da magana. Yanzu Yallaɓai ka ajiye tabarau ka saurari bakinka. Hausar da kake yi tun safe a kan sautin sama da na ƙasa take tafiya, shi ya sa mai kalangu ke iya zaginka da fata da igiya kana tsaye kana ba shi kuɗi. Kuma ko a unguwarku ka san mai i'inar da gaisuwa ke ɗaukarsa rabin yini, amma in ya ɗauki waƙa ba ya tuntuɓe.

To waɗannan Turawa naka, da wane irin kaya suke aiki? Katin hotuna da Andy Bondy da Lori Frost suka tsara a Amurka a 1985, wanda yaro mai lalurar galahanga ke miƙawa don ya ce ga abin da yake so, kwali ne da hoto. A Finland, cikin shekarun 1990, an ƙirƙiro rubutun kiɗa da launi da siffa, kowane sauti da kalarsa, don waɗanda rubutun kiɗa na Turawa ya fi ƙarfinsu. Maria Montessori, da ta buɗe makarantarta ta farko a Rum a 1907, cikin kayanta akwai 'yan batta na katako, biyu-biyu, da yaro zai girgiza ya gano waɗanda ƙararsu ta zo ɗaya. Ka ɓare tambarin, ka cire kuɗin jirgi da na kwastan, me ya rage? Kwali, da launi, da tsakuwa a cikin batta.

"Ni ɗana ba zai yi wasa da kayan bola ba." Wannan Alhaji ne, na gane muryar. Ranka ya daɗe, waƙoƙin Ɗan Maraya Jos da kake sa wa a mota kana gyaɗa kai, ka san da me ake yin cikin kuntigi? Gwangwanin kifin sadin ne aka rufe da fatar akuya, aka ɗaura tsirkiya ɗaya. Da shi mutumin ya zaga duniya har Allah ya karɓi ransa a 2015. Barmani Choge da ƙwarya ta riƙe matan Arewa shekara da shekaru. Kai kanka, kafin a fara kiranka Alhaji, wa ya fi ka iya motar kara? Har tabarau na kara ka yi, ka sa, ka yi taƙama a bakin kasuwa. Yanzu don tumbi ya fito sai ka ce ba ka san hanyar juji ba.

Ni fa har cewa nake na gida ya fi na kanti, ba don arha kaɗai ba. Ka buɗe katin hotunan da aka shigo da su daga waje ka gani: saniya mai dabbare-dabbare ba tozo, kare kwance a kan gado, yaro cikin dusar ƙanƙara, da alade yana murmushi. Ka nuna wa yaron Ambursa wannan saniyar ka ce masa saniya ce, shi da ya san farar saniya mai tozo da ke wucewa ta ƙofar gidansu kowace yamma, ka ƙara masa aiki a kan aikinsa. Yaron da ke fama da fahimta yana buƙatar hoton moɗarsa shi, da tabarmarsa shi, da fuskar innarsa. Wayar da za ta ɗauki hoton tana aljihunka, mai wanke hoto kuma yana Birnin Kebbi.

Ba a fafe gora ranar tafiya, saboda haka malama ta tanadi kayanta tun kafin yara su zo. Na farko faifan zaɓi. A samu faifai, a ɗaure masa abu biyu, biyu fa, ba goma ba: ɗan ludayi a wannan gefe, ɗan caki a wancan. A kawo gaban yaro a jira. Jiran nan shi ne aikin, kuma shi ne abin da manya ba su iya ba. Hajiya, ke nake nufi, ke da kike amsa masa tambaya tun ba a gama yi ba, wai don kada ya wahala. In ya taɓa ludayi, ko ya kalle shi kawai, to kiɗan ƙwarya ya zaɓa, a yi masa nan take. Ko da kin tabbata kuskure ya yi, a ba shi abin da ya taɓa, don ta nan zai gane cewa hannunsa na iya sa duniya ta motsa. In ya saba da kayan kansu sai a koma hotonsu, daga hoto a koma zane. Kwalin taliya ya isa, a manna da ƙaro ko kunun sitaci, a lulluɓe da salatif mai faɗi, saboda yawu da damina ba su san darajar aikin hannu ba.

Sai igiyar shanya. A ɗaura ta daidai idon yara, a jera mata kati huɗu ko biyar da maƙalan shanya: gaisuwa, kiɗa, rawa, hutu, sallama. Duk wanda aka gama, yaro ya cire shi da hannunsa ya jefa a kwando. Yawancin kuka da birgima da kuke cewa taurin kai ne ko shafar aljanu, wani lokaci tsoro ne kawai na rashin sanin abin da zai biyo baya da ranar da za a gama. Ku da kuka taɓa zama a tasha cikin motar da saura mutum ɗaya ta cika tun hantsi har azahar, kun san wannan ciwon. Yaro na ganin kati biyu suka rage, hankalinsa ya kwanta.

Akwai kuma ja da kore. Faifai ɗaya, a ɗinke fuska ɗaya da jan ƙyalle, ɗayar da kore. An ɗaga kore kowa ya buga, an juya ja kowa ya tsaya cak. Daɗin wasan ba ya fitowa sai an damƙa faifan a hannun yaron da ba ya magana. Ku zo ku ga fuskar wanda kullum shi ake ja, shi ake zaunarwa, shi ake tayarwa, yau ya juya faifai aji guda ya yi tsit, har da malama. In wasan ya kankama ina da shawarar a gayyato 'yan kabu-kabun Birnin Kebbi su ma su zauna a sahun baya, ko Allah zai sa su gane bambancin launukan nan biyu.

Battan Montessori kuwa, gwangwanin madara shida sun biya. Biyu a zuba shinkafa, wadda ko ba komai Kebbi ba ta rasa ba, biyu tsakuwa, biyu yashi. A rufe ruf, a lulluɓe su da ƙyalle iri ɗaya don kada ido ya yi wa kunne satar amsa. Yaro ya girgiza ya haɗa tagwaye. Makaho ma yana ciki, sau da yawa shi ke cinyewa. Murfin kwalba kuma a manna su a jere a kan kwali, kowane murfi bugu ɗaya. Ba sai an aro sunayen da ba a sani ba, ga garuruwanmu nan: Kalgo murfi biyu, Jega biyu, Ambursa uku, Argungu uku, Birnin Kebbi huɗu. Yaro ya bi murafen da yatsa yana faɗa, ko yana tafawa, ko yana buga ƙwarya. Wanda ke haɗiye rabin kalma sai ya ga da idonsa akwai murfin da ya tsallake. 'Yan Argungu za su ce don me aka ba su murfi daidai da na Ambursa. Ku yi haƙuri, gaɓa aka ƙirga, ba tarihi ba.

Inna, ke tun ɗazu kin yi shiru, kuma taki tambayar ta fi ta kowa nauyi: ɗiyata kurma ce, me za ta yi da kiɗa? A ƙasar nan da sanƙarau ke zagayowa da zafin bazara, wanda annobarsa ta 1996 har yau ba a manta ba, gidajen da zazzaɓi ya tafi ya bar yaro ba ji suna da yawa. Kiɗa ba a kunne kaɗai yake sauka ba. Ki kifa ƙwarya, ki ɗora tafin hannunta a kai, ki buga. Ki hura balan-balan ki ba ta ta rungume a ƙirji kusa da ganga. Ki ɗaure leda mai kauri tamau a bakin kwano, ki watsa gero a kai, ki buga ganga a gefensa: bugu mai ƙarfi gero ya yi tsalle sama, mai taushi ya ɗan motsa. Ta ga ƙara da idonta ke nan. Evelyn Glennie ta Sukotlan ta rasa jinta tun tana 'yar shekara 12, ba takalmi take kiɗa don ta ji ta tafin ƙafa, kuma ita ta ja makaɗa kusan dubu a bikin buɗe gasar Olamfik ta Landan a 2012. Ban ce ɗiyarki za ta je Landan ba. Na ce in 'yan mata sun fita gaɗa kada a bar ta tana tsaron takalma. Kuma duk wannan ba ya maye gurbin maganar hannu, wadda kuramen Kano suka raya ta zama harshe cikakke. Ki koya, ki sa 'yan gidan su koya.

Yanzu bari in zo kan Kabawa, don na san tun farko suke jira su ji ko zan ambaci kifi. Tun 1934, da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Sarkin Kabi Muhammadu Sama aka yi masa su, kuke tara duniya a bakin Matan Fada, har UNESCO ta sa bikin kamun kifin Argungu cikin jerin al'adun duniya a 2016. Dubban mutane da gora da koma su auka ruwa a lokaci guda, makaɗa na bin su cikin jirage. To ku ba ni aron bikin, zan mayar. A shimfiɗa shuɗin zane a tsakar aji, kogi ke nan. A yanka kifaye da kwali, giwan ruwa ƙato, tarwaɗa da gashin bakinta, karfasa 'yan madaidaita. A bakin kowane kifi a ɗinke murfin kwalba na ƙarfe, a bayansa a manna hoto: tafi, tsalle, ƙwarya, caki, ko fuskar wani ɗan ajin da za a gaisar da waƙa. Fatsa kuwa kara ne da zare, da maganaɗisun da aka ciro daga lasifikar matacciyar rediyo. Yaron da hannunsa ke rawa ba zai iya fatsa ba, a yi masa koma da jan buhun albasa, irin wanda Aliero ke cika motoci da shi, a lanƙwasa tsumagiya a ɗinke.

Dokar wasan ta saɓa wa taku, Kabawa, kuma nan ne amfaninsa yake. Ku da an ba da alama kowa ke rugawa. Nan mutum ɗaya ke shiga ruwa, saura su buga masa ƙwarya su jira. Muddin kiɗa na tashi yana su, kiɗa ya tsaya ya ɗaga kara. Abin da ya kamo, ya juya ya gani, shi ajin zai yi. A cikin wannan 'yar dariyar an motsa yatsu, an haɗa ido da hannu, an koyi jira, an saurara, an kalli ɗan'uwa, ba tare da an ce wa kowa zauna in koya maka ba. Wanda ya kamo giwan ruwa a naɗa shi Sarkin Ruwan yini, a ɗaura masa rawani da ɗankwalin malama. Malama mai wayo kuma takan san yadda za ta tura giwan ruwan nan da ƙafa kusa da fatsar wanda bai taɓa ci ba. Na ji wani Bakabe na gunaguni wai kifin kwali ba kifi ba ne. Kifi na ganinka, mai jar koma: kai da ka shiga Matan Fada ka fito da gora wayam, sai labarin wanda ya suɓuce, aƙalla yaron nan ya fito da wani abu a hannu.

Nan zan ɗan ɗaure fuska. Murfin kwalba, tsakuwa da maganaɗisu duk abubuwan haɗiyewa ne, maganaɗisu ma ya fi haɗari a ciki, saboda haka a ɗinke shi cikin ƙyalle, a duba ɗinkin kullum, yaron da ke kai komai baki kuma a ba shi manyan kaya kawai. Bakin gwangwani a daddake shi da guduma a naɗe. Wani yaron ƙara ce ke azabtar da shi, in ya toshe kunne ba iskanci ba ne, a sassauta, a fara da yashi kafin tsakuwa. Bulala ba ta da kujera a wannan aji. Mai farfaɗiya ya ci gaba da shan maganinsa. Kuma don Allah, wanda ya haɗa caki uku da faifai ɗaya kada ya buga allo a ƙofar gida ya rubuta Dakta. Na san ƙasarmu, mutum ya sayar da farasitamol wata biyu ya zama likitan unguwa. Masu wannan sana'a shekaru suke yi suna karatu. Abin da nake kawowa taimako ne da uwa da malamin firamare za su iya yi yau, kafin gwani ya iso. Dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci da aka sa wa hannu a Janairun 2019 ta ba yaran nan haƙƙin ilimi, amma doka ba ta yanka kwali. Ɗaliban Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie da ke Argungu, ku da ake sa ku haɗa kayan koyarwa in za ku fita koyon aiki, kuke zana zuciya da huhu a farin kwali a ba ku maki a jefa bayan kabad, ga aikin da za a yi amfani da shi har ya yage.

Saura dattijon da ɓarin jikinsa ya shanye, wanda aka sallamo daga asibiti aka ce ya riƙa takawa. Binciken Michael Thaut da abokan aikinsa a Jami'ar Jihar Colorado, tun shekarun 1990, ya nuna bugu mai tsari, wanda ba ya sauri ba ya lafawa, yana taimaka wa irin waɗannan da masu cutar Parkinson su daidaita taku. Kayan aikin ba su da wuya: a ja layuka da toka a tsakar gida, tazarar taku ɗaya-ɗaya, likitan motsa gaɓoɓi ya faɗi saurin da ya dace, wani ya tsaya a gefen da ya shanye, wani ya riƙa buga ƙwarya. Jika ɗan shekara goma zai iya. Amma na san ku, za ku ce Baba babban mutum ne, ƙwarya ta yi masa kaɗan, a kira mai kalangu. To ku kira, amma ku biya shi tun a zaure, ku kuma sa ya rantse zai riƙe bugu ɗaya bakinsa a rufe. In ba haka ba, taku uku za a yi ya tuna sunan kakan Baba, kalangu ya fara kirari, kiɗa ya ɗau zafi, Baba kuma jini ya motsa, ya saki sandar da ke hannunsa mai lafiya ya kai hannu aljihu.